Darasi na 14: Keken Tsere da Mahayinsa

A wannan darasi za mu yi karatu a kan keken tsere: yadda ake daidaita shi da jikin mai hawa, da yadda birkinsa yake aiki, da yadda ake kula da shi. Ku fara karantawa a zuci, sannan malami ya zaɓi waɗanda za su karanta da babbar murya. Duk kalmar da ta shige muku duhu ku ja mata layi da fensir, za ku tarar da bayanin yawancinsu a bayan karatun.

KARATU

Keke iri-iri ne. Akwai wanda muka saba gani a kasuwanni da hanyoyin gona, baƙi, mai kariya a baya, wanda ake ɗora wa buhun rogo ko jarkokin manja. Nauyinsa kan kai kilo 20. Akwai kuma keken tsere, wanda aka ƙera domin gudu a kan kwalta. Tayoyinsa sirara ne, faɗin yawancinsu milimita 25 zuwa 30, kansa kuma a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, domin mahayi ya sunkuya kada iska ta riƙa tare shi. Hukumar tseren keke ta duniya, wadda ake kira UCI, ta kafa doka cewa kada nauyin keken gasa ya gaza kilo 6.8. Yaro ma zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya.

Gasar da ta fi kowace suna a wannan wasa ita ce Tour de France, wato Zagayen Faransa. Wata jarida mai suna L'Auto ce ta fara shirya ta a shekarar 1903. A yau ana yin ta cikin mako uku, zango 21, tafiyar fiye da kilomita 3,000. 'Yan Afirka ma sun shigo fagen. A 2024 Biniam Girmay, mutumin Eritiriya, ya ci zango uku a wannan gasa, kuma a shekarar ce Ese Ukpeseraye ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta yi tseren keke a wasannin Olamfik, a birnin Faris.

A shekarun farko dokar Zagayen Faransa mai tsanani ce. Idan keke ya lalace, mahayi ne zai gyara abinsa da hannunsa, ba a yarda kowa ya taimake shi ba. A 1913 wani Bafaranshe mai suna Eugène Christophe yana cikin waɗanda ake sa ran za su ci gasar. Ya haye dutsen Tourmalet, inda hanya ta hau har mita 2,115, ya fara gangarowa, sai fok ɗin kekensa ya karye. Fok shi ne ƙarfen nan mai reshe biyu da yake riƙe da ƙafar gaba. Christophe ya saɓa keken a kafaɗa, ya gangara a ƙasa, tafiyar kilomita goma ko fiye, har ya isa wani ƙauye da ake kira Sainte-Marie-de-Campan, ya nemi maƙera. Maƙerin ya so ya yi masa aikin, alƙalan gasa suka hana. Sai ya koma gefe yana gaya masa yadda zai yi, shi kuwa Christophe ya shiga ƙira. To, amma mutum hannu biyu gare shi. Ɗaya yana riƙe da ƙarfe, ɗaya yana riƙe da guduma, wa zai yi zuga? Wani yaro ne ya kama zuga-zugi ya hura masa wuta. Saboda wannan ɗan taimako aka ci shi tarar minti goma, shi da ya riga ya yi asarar sa'o'i. A ganina alƙalan sun tsananta. Duk da haka ya hau kekensa ya ƙarasa zangon, ya kuma gama gasar wannan shekara a matsayi na bakwai. Shi ne kuma mutum na farko da ya sa rigar nan mai ruwan ɗorawa da ake ba wanda yake kan gaba, lokacin da aka ɓullo da ita a 1919.

Yanzu an sassauta wannan doka. Motoci suna bin 'yan gasa ɗauke da makanikai da kekuna na canji. Sai dai wannan gata na 'yan gasa ne kawai. Wanda ya fita da asuba shi kaɗai ko tare da abokansa, ya kama hanyar bayan gari, babu motar da take bin sa. Shi ne mahayi, shi ne makaniki. Saboda haka masu sha'awar keke ba sa gajiya da magana a kan awo da birki da gyara.

Mu fara da awo. Hausawa suna cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar a kan keke. Mahayi yakan juya feda sau 90 a minti ɗaya, wato sau 5,400 a awa guda. Idan sirdi ya kauce daga inda ya kamata ya tsaya, ko da ɗan kaɗan ne, gwiwa za ta maimaita wannan kuskure sau dubbai kafin a dawo gida. Sirdin da ya yi ƙasa yakan kawo ciwo a gaban gwiwa, ya kuma hana ƙafa ba da cikakken ƙarfinta. Wanda ya yi sama da yawa yakan sa ciwo a bayan gwiwa, kuma wanda yake biye da kai zai ga ƙugunka yana karkata dama da hagu, domin ƙafa tana miƙewa neman feda. Sababbin mahaya sun fi faɗawa cikin kuskure na farko. Suna so su zauna a kan sirdi su dafa ƙasa da tafin ƙafa duka biyu, kamar mai zaune a kan benci. A keken tsere ba haka ake yi ba. Idan za ka tsaya, sai ka zamo gaba daga kan sirdi, sannan ka sauke ƙafa.

Ga hanya mai sauƙi ta gwada tsayin sirdi. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora diddige a kan feda, ka juya ta har ta kai ƙarshen ƙasa. A nan ya kamata ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafarka kan fedar, yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Wannan ɗan lanƙwasa shi ake nema. Akwai kuma hanyar lissafi, wadda ake dangantawa da Greg LeMond, mutumin Amurka da ya ci Zagayen Faransa sau uku, a 1986 da 1989 da 1990. Ka cire takalmi, ka tsaya daidai, a auna tsawon ƙafarka ta ciki, daga ƙasa zuwa inda ƙafafu biyu suka rabu. Sai ka ninka abin da aka samu da 0.883. Amsar ita ce tazarar da za ta kasance tsakanin saman sirdi da tsakiyar ƙarfen da fedoji suke juyawa a kansa. Misali, wanda awonsa ya kai santimita 80, sirdinsa zai tsaya a kan kimanin santimita 70.6. Wannan mafari ne kawai, domin jiki ya bambanta. Daga nan sai a riƙa ɗagawa ko saukewa da milimita biyu ko uku, a yi tafiyar kwanaki, a ji abin da gwiwa za ta ce. A jikin sandar sirdi akwai wani layi da maƙeranta suka zana. Kada a zaro ta har layin ya fito fili, domin tana iya karyewa ko ta fasa jikin keken.

Nisan da ke tsakanin sirdi da kan keke shi ma abin dubawa ne. Idan ka kama mariƙi, gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe, kafaɗunka su saki, yatsunka kuma su kai ga birki ba tare da miƙa ba. Wuya da yake ƙagewa da yatsu da suke mutuwa alama ce ta cewa kan ya yi nisa ko ya yi ƙasa. Keken da ya yi wa mutum girma tun asali kuwa, babu ɗaurin noti da zai rage shi.

Sai birki, wanda a nan ne rai yake. 'Yan gasa sukan wuce gudun kilomita 80 a awa idan suna gangarowa daga dutse, kuma ko ɗan koyo yakan kai 40 a gangara mai kyau. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da keke zai ci kafin birki ya tsayar da shi yakan ninka sau huɗu. Birki biyu ne a keke, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Lokacin da aka ja birki, nauyin mahayi yakan koma gaba, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya kuma ta yi sakayau. Saboda haka birkin gaba ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayarwa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, tayarsa za ta riƙa jan ƙasa, keken bai tsaya ba. Wanda kuma ya fizgi na gaba da ƙarfi yana zaune a sake, zai iya tsallake kan keke ya faɗi ta ka. Abin da gwanaye suke yi shi ne su ja da baya a kan sirdi, su tokare hannuwa, su matsa duka biyun a hankali, suna ƙara ƙarfi. A rage gudu tun kafin a shiga kwana, domin taya da take karkace ba ta jure birki mai ƙarfi.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu da muke sayen kekuna na hannu da aka shigo da su daga ƙasashe daban-daban. A Ingila hannun dama ne yake jan birkin gaba, a Faransa da Amurka kuwa hannun hagu ne. Duk keken da ba ka saba da shi ba, ka gwada tun kana ƙasa, ka ga wane hannu ne yake kama wace ƙafa.

TATTAUNAWA

Wata budurwa da ƙanenta, dukansu masu hawan keken tsere, sun je rumfar wani dattijo mai gyaran keke.

Yaya: Salamu alaikum. Baba, barka da aiki.

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Barka kadai, 'yata. Yau da ƙanen naki kuka zo?

Yaya: Tare muke, Baba. Gardama muke yi tun daga gida, muka ce kai za ka raba mu. Shi ya ce birkin roba ya fi, ni kuwa na ce birkin faifai.

Ƙane: Baba, nawa roba biyu ce kawai take matse bakin rim. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, in ta cinye na sayi wata na sa da kaina. Na Yaya kuwa, in ya lalace sai an nemo gwani.

Yaya: To, gaya masa abin da ya faru ranar Asabar da ruwan sama ya kama mu.

Ƙane: Na ja birki, sai da na yi 'yar tafiya kafin ya kama.

Mai gyara: Haka yake yi, ɗana. Rim yana kusa da ƙasa, yana kwasar ruwa da laka. Sai robar ta share ruwan tukuna sannan ta kama ƙarfe. Idan ana ruwa, ka riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan tun da nisa domin rim ya bushe. Faifan yayarka kuwa a tsakiyar ƙafa yake, nesa da laka, shi ya sa yake kamawa ko da ruwa ko babu. Kawo keken nan in gani. Kai! Dubi robarka. Ka ga waɗannan tsagogi? Sun kusa shafewa. In sun shafe, robar ta gama aiki. Ga kuma tsakuwa ta maƙale a ciki, tana cin rim ɗinka.

Yaya: Ka ji ko? Ai su kansu manyan 'yan gasa sun koma faifai, tun da hukumarsu ta amince da shi a 2018.

Mai gyara: Kada ki yi saurin murna, 'yata. Naki ma yana da nasa hali. Mene ne wannan kuka da yake yi in kin ja?

Yaya: Tun da na shafa wa sarƙa mai ya fara.

Mai gyara: To, man ne ya fantsama kan faifai. Faifai da mai ba sa shiri. In mai ya shiga ɓangarorin da suke matse shi, yawanci sai an canja su. Kuma kada ki taɓa faifan bayan doguwar gangara, zai ƙone ki. Naki da mai yake aiki, ba da waya ba. In kika ji mariƙin ya yi laushi, yana nutsewa har ya kusa taɓa kan keke, iska ce ta shiga, ki kawo a fitar da ita. Man ma iri biyu ne, ba a gauraya su. Wanda kamfanin ya ce, shi za a zuba.

Ƙane: To, Baba, wa ya yi gaskiya?

Mai gyara: Ku bar kekunan nan, ku dawo bayan la'asar. Duka biyun ba su isa hawa yau ba.

Yaya: Mun gode, Baba. Allah ya ƙara girma.

KULA DA KEKE

Aikin bai da yawa. Kafin kowace fita a matsa tayoyi a ji iskarsu, domin tayar tsere takan rage iska cikin 'yan kwanaki ko da ba ta yi faci ba. Iyakar iskar da za ta ɗauka a rubuce take a gefenta. A ja kowane birki a tura keken gaba, a tabbata ƙafafun biyu a ɗaure suke tam. Sarƙa ce ta fi neman kulawa. Da damina ruwa yakan wanke mata mai ta yi tsatsa, da hunturu kuma ƙura takan haɗu da man ta zama kamar yashi, ta riƙa cin haƙoran giya. A goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a sake goge wanda ya yi saura. Yawan mai ɓarna ne. Mai fita nesa ya ɗauki tif na canji da ƙaramin famfo da kayan kwance noti da ruwan sha, hular kwano kuma a kansa take, ba a rataye a kan keke ba.

MA'ANAR KALMOMI

sirdi: wurin zama a kan keke ko doki
feda: abin da ake takawa a juya domin keke ya tafi
mariƙi: wurin da ake kamawa da hannu
rim: zagayen ƙarfe da taya take zaune a kansa
zango: tafiyar da ake yi daga tashi zuwa sauka
gangara: hanyar da ta yi ƙasa, kishiyarta ita ce hawa
zuga-zugi: abin da maƙeri yake hura wuta da shi
katara: gefen cinya ta sama
diddige: bayan tafin ƙafa
sakayau: marar nauyi
tara: hukuncin da ake yi wa wanda ya karya doka

FURUCI DA NAHAWU

Ku lura da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin barin lanƙwasar yakan canja ma'ana. A cikin karatun mun ga ɗaga da daga: "zai iya ɗaga shi", amma "daga ƙasa". Haka ƙafa da kafa: "ƙafar gaba", amma "ta kafa doka". Ku maimaita su bayan malami har kunnenku ya rarrabe su.

Ku kuma dubi waɗannan kalmomi uku: mahayi, maƙera, mariƙi. Dukansu sun fara da ma-, kuma kowace daga aikatau aka gina ta: hau, ƙera, riƙe. Amma ma- ɗin aiki uku yake yi. A mahayi yana nuna mai aikatawa. Macen ita ce mahayiya, jam'in kuma mahaya. Haka maƙeri da matuƙi da marubuci. A maƙera yana nuna wurin da ake aikin, kamar makaranta da masaƙa. A mariƙi yana nuna abin da ake aikin da shi, kamar mabuɗi da ma'auni. Akwai wurin tuntuɓe a nan: maƙera, wurin ƙira, da maƙera, jam'in maƙeri, rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su. A karatu, jimlar ce za ta nuna muku wanda ake nufi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa aka lanƙwasa kan keken tsere?
2. Wane taimako aka yi wa Christophe a maƙera, kuma me ya jawo masa? Kana ganin hukuncin ya dace? Kawo dalili.
3. Yaya za ka gane sirdin abokinka ya yi sama da yawa idan kana biye da shi?
4. Wata ɗaliba ta auna ƙafarta ta samu santimita 75. Lissafa tsayin sirdinta, ka rubuta amsar da kalmomin Hausa.
5. Me ya sa mai gyara ya riƙe kekunan biyu?
6. Gina kalma mai ma- daga kowane aikatau, ka faɗi ko tana nuna mutum ko wuri ko kayan aiki: ɗinka, sauka, share, noma, rufe.
7. Nemo kalmar maƙera a duk inda ta fito cikin karatun, ka bayyana ma'anarta a kowane wuri.

AIKIN GIDA

Ku kasu biyu-biyu, ku je wurin mai gyaran keke ko babur a unguwarku. Idan yana jin Hausa, ku gaishe shi yadda aka yi a tattaunawar nan, ku tambaye shi sunayen sassa goma na keke. Idan ba ya ji, ku rubuta sunayen da harshenku, ku zo da su aji mu nemi takwarorinsu tare. Kowane ɗalibi ya rubuta jimla biyar da suka fara da "Idan", a kan abin da ya gani a rumfar.